Daga Ikko Zuwa Elmina da Iyali a Mota

A Hausa kusan kowace tafiya tana da sunanta, sunan kuma shi ke faɗin dalilinta. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai neman ilimi, akwai aikin Hajji, akwai ziyarar dangi. Wadda ba ta da dalilin da za a gaya wa surukai kuwa, yawo muke kiranta, kalmar da ba a cika faɗinta da yabo ba. Shi ya sa magidanta da yawa ke jin nauyin a ce sun kwashi iyali sun kashe kuɗi don kallon ruwa. Waɗanda suka samu hali kuma sukan hau jirgi zuwa Dubai ko Alƙahira, yara su dawo da hotuna ba tare da sanin abin da ke tsakanin gidansu da inda suka je ba.

A wani hutun ƙarshen shekara, lokacin da hunturu ke fasa leɓe a Arewa, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu muka bi hanyar bakin teku a motarmu: daga Legas zuwa Kwatano, zuwa Lome, zuwa Ankara, har Elmina. Abin da na dawo da shi shi ne cewa wannan gaɓa ba baƙon wuri ba ce ga Bahaushe. Tarihinmu ya kai har bakin ruwan nan, mai daɗinsa da mai ɗacinsa, kuma a mota ne yaro zai gan shi a jere, gari bayan gari.

Tafiyar ba ta da tsawon da mutane ke zato. Daga Legas zuwa Ankara bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai rabin nisan Kano zuwa Legas ba, amma a ciki za ka ƙetare iyaka uku: Seme, da Hilakonji, da Aflawo. Faɗin ƙasar Togo a bakin teku bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana 90. Abin da ake buƙata shi ne fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardun mota, da katin inshorar ECOWAS. Sai kuma haƙuri, domin cinkoso da duba takardu kan ci lokacin da ya fi na tuƙin. Kuɗi ma sau biyu za ka canza, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, abin da ya zama wa ɗanmu darasin lissafi na tilas.

Tekun kansa ya cika alkawari. Ga iska mai ɗumi da gishiri, ga bishiyoyin kwakwa a jere, ga masunta da asuba suna jan koma da igiya su ashirin ko talatin. Sai dai ruwan wannan gaɓa yana da ƙarfin ja, ba na wasan yaran da suka saba da rafi ba ne. Dokarmu ita ce ruwa kada ya wuce gwiwa, hannun yaro kuma yana cikin hannun babba.

Shaida ta farko cewa kakanninmu sun riga mu zuwa tana cikin sunayen garuruwan. Ikko muke ce wa Legas, Ankara muke ce wa babban birnin Gana, kuma mutum ba ya sa wa gari suna da harshensa sai ya daɗe yana zuwa. Fataken Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, kasuwar Salaga ce babbar mahaɗarsu. Bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar ta fara ja baya, ciniki ya riƙa komawa kudu, 'yan kasuwa suka bi shi har bakin teku. Inda ayari ya sauka, zango ne. Yau a Gana da Togo da Benin unguwar baƙi Musulmi Zongo ake kiranta, kuma Hausa ce harshen da ke haɗa mazaunanta, ko da asalinsu Dagomba ne ko Zabarmawa ko Mosi.

A unguwar Nima ta Ankara muka karya kumallo da koko da ƙosai. Mutanen Gana Hausa koko suke ce masa, ƙosai kuma koose. Shinkafa da wake ta zama waakye, tuwo mai zafi ya zama tuo zaafi. Dattijuwar da ke sayar da kokon ta dubi 'yarmu ta ce, "Ka zo ka karɓa." Yarinyar ta juyo ta raɗa mini, "Abba, ta ɗauka ni namiji ce." Na bayyana mata cewa Hausar Gana ba ta cika rarrabe mace da namiji ba, domin harshen ya rayu a bakin mutanen da harsunansu na gida ba su da wannan rarrabewar. Mahaifiyarta ta gaida dattijuwar, "Inna, ina kwana, ya kasuwa?" Aka shiga tambayar mutanen gida kamar a Fagge.

Ɗaya fuskar tarihin kuwa tun a Wida muka gamu da ita, kafin mu bar Benin. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa akwai hanya mai kimanin kilomita huɗu, wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen ruwa. A ƙarshenta aka gina wata ƙofa ta tunawa a 1995, ana kiranta Ƙofar Tafiya Ba Dawowa. A nan 'yarmu, mai shekara tara, ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi a tafiyar: "Abba, wa ya sayar da su?"

Amsa mai sauƙi ita ce a ce Turawa, a yi shiru. Amma Turawa saye suka yi, suka loda, suka ci babbar riba. Masu kamowa da masu kawowa daga cikin ƙasa galibi 'yan Afirka ne. A Salaga ba goro kaɗai ake ciniki ba, har da mutane. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, har da na jihadin da ya fara a 1804, sun jefa Hausawa da yawa hannun dillalai, aka fitar da su ta Wida da Ikko zuwa Bahiya a ƙasar Birazil. A can suka yi ta bore, kuma akwai Hausawa cikin bayi Musulmi da suka tayar da babban boren 1835. Wasu da suka gudu daga bauta a Legas su ne Bature Glover ya ɗauka soja a 1863, rundunar da ake ƙirgawa a matsayin tushen sojan Nijeriya. Abin da na gaya wa yarinyar a taƙaice shi ne: a cikin waɗanda aka sayar akwai namu, a cikin masu sayarwar ma akwai namu.

Mahaifiyarta ta ga kamar amsar ta yi wa yarinya nauyi, muka tattauna da daddare bayan yara sun yi barci. Hujjata ita ce za ta ji labarin nan ko ba daɗe ko ba jima, a intanet ko a aji, daga bakin wanda zai faɗi rabinsa don ya zagi wasu. Gara ta fara jinsa cikakke daga bakin ubanta, tana tsaye a kan yashin da abin ya faru. Muka yi matsaya cewa za mu amsa duk abin da suka tambaya, ba za mu ɗora musu abin da ba su tambaya ba.

Da wannan matsaya muka shiga gidan kurkukun Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu inda aka tsare mutane, a sama kuma ɗakin gwamna mai tagogi da iskar teku. Ƙaramin ya riƙe rigar mahaifiyarsa, babbar ta yi shiru har muka fito. A waje, ƙarƙashin ganuwar, jiragen masunta masu launi sun cika bakin kogi, mata suna cinikin kifi da ƙarfin murya.

Ga wanda ke da niyyar bin wannan hanya, kwana takwas zuwa goma sun isa zuwa da dawowa daga Legas. A yi tuƙi da rana, a ƙetare iyaka da safe, a kwana a Wida maimakon wucewa, a kuma yi sallar Juma'a a wani zango. Bayan an idar, a tsaya a gaisa da dattawa. Za su tambaye ka daga wane gari kake, kuma da wuya ka ambaci garin da kakan wani daga cikinsu bai fito ba.