Musun 'Yan Kallo a Kan Dami Guda

Musu iri biyu ne ba sa ƙarewa a ɗakunan kwanan ɗalibai, watau musun ƙwallo da musun fim. Na fim guda ɗaya da sauƙi, domin ko dai a ce ya yi daɗi ko a ce bai yi ba, kowa ya ja mayafinsa. Amma in aka ɗauko gajerun fina-finai har 18 aka ɗaure su dami guda aka dire wa jama'a, to an taɓo gidan rina. Abin da kamfanin Netflix ya yi ke nan ran 15 ga watan Maris na 1019 da dubu, watau 2019, sa'ad da ya fito da wani jerin fina-finan zane mai suna Love, Death & Robots, ma'ana soyayya da mutuwa da mutum-mutumin inji. Wani Ba'amurke mai suna Tim Miller shi ya ƙirƙiro shi, da haɗin gwiwar David Fincher, wanda masu bin silima suka daɗe da sanin sunansa. Kowane fim a ciki cin gashin kansa yake yi, labarinsa dabam, mazanansa dabam, daga ƙasashe dabam-dabam, kuma babu wanda ya kai minti 20. Yawancinsu ƙagaggun labaran kimiyya ne, na kumbo da duniyoyin sama da injuna masu tunani.

Mu dai bai zo hannunmu ba sai bayan 'yan shekaru, ta wajen masu tura fina-finai a waya. Na kalle shi tare da jama'a fiye da sau ɗaya, kuma abin da na lura shi ne ba a taɓa tashi da baki ɗaya ba. Kowa da gwaninsa, kuma gwanin wani shi ne abin ƙyamar wani.

Masu rinjaye a cikinmu ma'auninsu ɗaya ne: wane ne ya fi kama da hoton mutum na gaske? Jagoransu wani abokina ne ɗan sashen injiniya, kuma gwaninsa shi ne Beyond the Aquila Rift, wanda wani kamfanin Faransa ya zana da kwamfuta. Labarin wani matuƙin kumbo ne da ya farka ya tarar jirginsa ya ɓace hanya, ya faɗa wata tasha mai nisan da ba shi misaltuwa, inda ya iske wata tsohuwar masoyiyarsa ta tarbe shi. Daga baya sai ta bayyana duk mafarki ne ake ɗura masa, jirgin ya daɗe da rugujewa, shi kansa ya tsufa ya rame, masoyiyar kuwa wata halitta ce mai siffar gizo-gizo da ke ɓoye masa gaskiya don tausayi. Labari ne mai sa tsikar jiki ta tashi, ban musa ba. Amma abokin nan nawa ba labarin yake yabo ba. Sai ya tsai da fim ya ce mu dubi gashin gemu, mu dubi zufa, mu dubi ƙwayar ido, wai ka rantse mutum ne. Ni kuwa nakan ce masa, in dai mutum ake so a gani, ai ga mutane nan birjik a Amurka suna neman aikin fim, a ɗauko ɗaya a sa shi gaban kyamara a huta. Mai zane da ya ƙare ƙarfinsa wajen kwaikwayon kyamara, ya zama kamar maƙerin da ya kwana yana ƙera abin da ake samu a bakin hanya kyauta.

Akwai kuma waɗanda ba su ma kai ga wannan musu ba, domin tun a ƙofa aka kore su. A kwafin da muka samu, fim na farko shi ne Sonnie's Edge, labarin wata mata da ke sarrafa dodo a fagen da ake haɗa dodanni faɗa, cike da jini da tsiraici da maganar fyaɗe. Wata 'yar ajinmu, wadda a iya sanina babu wanda ya kai ta karatun littattafan ƙagaggun labarai a cikinmu, ta zauna ta ga wannan, ta daure ta ga wani mai suna The Witness, inda wata mata ke gudu a titunan birni kusan tsirara wani namiji na bin ta, sai ta tattara littattafanta ta ce mu kwana lafiya. Wasu suka yi ta dariya, wai katun ya ba ta tsoro. Ba tsoro ba ne. Cewa ta yi ta gaji da ganin labarin da ba ya iya motsawa sai an tuɓe mace ko an yanka ta, kuma ba ita kaɗai ta faɗi haka ba, domin masu sharhin fim da yawa a can ƙasashen Turawa sun yi irin wannan suka tun fitowarsa. The Witness ɗin nan, na wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Alberto Mielgo, har lambar yabo ta Emmy ya ci a 2019, kuma lalle zanensa abin kallo ne. Duk da haka na kalle shi sau biyu ina neman abin da zai ragu daga labarin in an bar matar da tufafinta, ban samu ba.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, kamfanin da kansa ya gane cewa fim ɗin da ka fara cin karo da shi yana iya yanke hukuncin saura. Shi ya sa lokacin fitowar jerin ya gwada tsari huɗu dabam-dabam, wani ya fara da wannan, wani ya fara da wancan. Ke nan mutum biyu suna iya yin musu a kan abu ɗaya alhali ba ta ƙofa ɗaya suka shiga ba. Da 'yar ajin nan tamu ta fara da Three Robots, inda injuna uku ke yawon buɗe ido a kufan birni bayan ɗan Adam ya hallaka kansa, suna mamakin wautarmu, har kyanwowi su zama magada, watakila da ta zauna har ƙarshe. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai game da damin nan: waɗanda suka fi cancanta su ga mafi kyawun abin da ke cikinsa, su aka fara kora.

Mafi kyawun nan a wurina shi ne Zima Blue. Minti goma ne ko kusa da haka, kuma zanensa bai yi ko kama da hoton gaske ba. Mutane dogaye ne masu kusurwa kamar an yanko su da almakashi, inuwa baƙa ƙirin, launuka kaɗan. Wani mai zane Robert Valley ya shirya shi. Zima shahararren mai zane ne da duniya ta san shi, wanda ya fara da zanen fuskoki, ya koma zanen sararin samaniya a manyan bangaye. Wata rana sai aka ga ɗan murabba'i shuɗi a tsakiyar zanensa. Ba shuɗin baba irin na marina ba, wani ne mai haske kamar ruwa. Kowane sabon zane sai shuɗin ya ƙara girma, har ya cinye zanen duka, har Zima ya kai ga yin aikin da sai daga sama ake iya ganinsa. Kafin aikinsa na ƙarshe ya kira wata 'yar jarida ya gaya mata asalinsa. Ashe shi ba mutum ba ne. Ɗan ƙaramin inji ne da wata budurwa ta ƙera don ya riƙa goge tayil ɗin wurin ninkaya na gidansu, ta yi ta ƙara masa dabara, bayanta wasu suka gada suka yi ta ƙari, har ya zama abin da ya zama. Shuɗin nan launin tayil ɗin ne, abu na farko da ya fara gani a duniya. Ran da jama'a suka taru ganin aikin ƙarshe, sai ya faɗa cikin ruwan, ya yi ta kwance sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ɗan injin nan na farko yana bin bango yana goga.

A kan wannan muka fi daɗewa muna musu. Ɗan injiniya ya ce wannan ci baya ne tsagwaronsa, wanda ya hau ƙololuwa ya dawo leburanci, kuma zanen ma kamar na littafin firamare. Ni kuwa kawuna ya tuna mini, wanda ya yi aikin gwamnati shekara 35 har ya kai babban matsayi, da ya ajiye aiki ya koma gonar da ya fara riƙe fartanya a cikinta, yana cire ciyawa da hannunsa, ga 'yan ƙwadago tsaye suna kallo. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar a gonar nan ba. Da na faɗi haka sai abokina ya kawo magana mai nauyi, ya ce ai kawunka ya koma gona da hankalinsa da duk abin da ya sani, shi kuwa Zima hankalin ya zubar, to wa ya rage da zai ji daɗin? Har yau ina juya wannan tambaya. Abin da na riƙe shi ne, fim ɗin da ya sa ɗalibai biyu suka raba dare suna wannan magana ya yi aikin da gashin gemu da zufa ba su yi ba. Wani abin dariya kuma, daga baya muka gano cewa gwaninsa da gwanina alƙalami ɗaya ya rubuta su. Dukansu daga gajerun labaran Alastair Reynolds aka ɗauko su, wani marubuci ɗan Biritaniya wanda masanin taurari ne kafin ya koma rubutu.

Akwai wanda kowa ya raina kafin a fara, na minti shida, labarin kindirmo da masana suka yi wa dabara har ya sami hankali. Ya nemi a ba shi jihar Ohayo, ya ba gwamnatin Amurka tsarin biyan bashin ƙasa cikin shekara guda, da sharaɗin a bi shi sau da ƙafa. 'Yan siyasa suka sa son rai, tattalin arziki ya rushe, dole aka miƙa wa kindirmo mulki. Ɗakin ya kece da dariya, wani ɗan sashen tattalin arziki ya ce shi a shirye yake ya kaɗa wa ƙwarya ƙuri'a.

Wanda ya hana ni sakat shi ne Good Hunting, daga labarin Ken Liu. Wata aljana ce mai rikiɗa yanyawa a ƙasar Sin, wadda zuwan Turawan Ingila da jirgin ƙasa ya ƙarar da sihirin ƙasar har ta kasa rikiɗa, ta maƙale a siffar mace a Hong Kong, wani babban Bature ya mai da jikinta ƙarfe don sha'awarsa, sa'an nan wani abokinta makaniki ya ƙera mata jikin yanyawa na ƙarfe ta koma farauta. Kakata takan ce tun da aka kawo lantarki fatalwa ta yi ƙaura daga unguwarmu, don haka labarin bai zame mini baƙo ba. A nan wulaƙancin da aka yi wa matar shi ne zuciyar labarin, watau mulkin mallaka ne aka nuna a jikin mutum guda. Amma ko a nan ɗin, mazanan sun tsaya kallon abin fiye da yadda labarin ke bukata. Na so in kai wa 'yar ajin nan tamu shi, na fasa. Zima Blue da Three Robots da na kindirmo na tura mata.

Da kashi na biyu ya fito a 2021 da fina-finai takwas kacal, an kuwa rage tsiraicin ƙwarai, sai ga mutanen ɗan injiniya suna gunaguni wai abin ya yi sanyi, an mai da shi na yara. Kashi na uku a 2022 ya zo da tara, na huɗu a 2025 ya zo da goma. A na ukun ne Mielgo ya dawo da Jibaro, labarin wani kurman baraden yaƙi da wata aljanar ruwa mai jiki lulluɓe da zinariya, wadda kukanta ke sa mayaƙa su haukace su nutse, shi kuwa ba ya jin ta. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa daga farko har ƙarshe. Wannan karon 'yar ajinmu ta zauna ta gani har inda baraden ya ɓamɓare zinariyar daga jikin aljanar ya jefar da ita a kogi. Ta ce wannan shi ne na farko da ta ga an nuna irin wannan zalunci ba tare da an gayyaci ɗan kallo ya ji daɗinsa ba. Ɗan injiniya ya ce kyamarar ta cika rawa, kansa har ya yi ciwo.