Itacen Sararin Samaniya

'Yan uwana mata, akwai wani wasan kwamfuta, No Man's Sky, da wani kamfanin Ingila ya fitar a 2016. Jirginki na ratsa taurari, amma ba ya tashi sai kin sauka kin haƙo ma'adinai. Masu wasan suka yi ta ƙorafi wai tonon ya gundure su. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙaro musu tsarin da komai kyauta ne.

Ikon Allah! Mu a Sundimina wa za mu kai wa kuka? Yarinya ta fita itace da sassafe, ta dawo ta ɗau bokiti sai rijiya, malam kuwa tuni ya kira suna a aji. Ni dai tawa 'yar na hana ta. Gawayi nake saye, ko da ribar littafina kaf a nan za ta ƙare.