Zaɓen Allon Zamani a Karkarar Kano

Tun kafin zuwan boko yaron ƙasar Hausa ya san karatu a kan allo: a rubuta masa, ya haddace, a wanke, a sake rubuta wani. To, ga shi zamani ya komo da allo, amma na gilashi, mai cin littattafai dubbai. Abin da ke gaban mai son karatu a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bici shi ne sanin wanda ya cancanci kuɗin gyaɗarsa.

Alal misali, a ɗauki wani malamin firamare a ƙasar Ɗambatta, wanda ya sayar da amfanin gonarsa da kaka, ya zauna yana auna na'urori uku. Ta farko ita ce Kindle, wadda kamfanin Amazon na Amurka ya fito da ita a 2007. Fuskarta kamar takarda take, ana karanta ta ko da tsakar rana a bakin gona, kuma caji ɗaya kan kai ta makonni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da sai an biya mai janareto kafin a yi caji. Aibinta shi ne kantin da ke cikinta na Turawa ne, da kuɗin waje ake ciniki, littattafan Hausa kuwa ba su taka kara sun karya ba a ciki.

Ta biyu ita ce kwamfutar hannu mai faɗin fuska. Tana fito da shafin tsohon littafin da aka ɗauka a hoto raɗau, amma ga cin wuta, ga saurin fashewa a gidan da yara suke.

Ta uku ita ce wayar da kowa ya sani, irin su Tecno da Itel. Fuskarta ƙarama ce, tana gajiyar da ido, kuma saƙonni ba sa barin mutum ya natsu. Duk da haka, a cikinta adabin Hausa na yau yake zaune. Marubutan da suka gaji adabin kasuwar Kano, galibinsu mata, a WhatsApp da Wattpad suke sakin labaransu kashi-kashi. Idan ta lalace kuma, ranar kasuwa za a sami mai gyara.

Sai dai akwai wata magana da ta fi waɗannan nauyi, watau maganar mallaka. A 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya. A gida Nijeriya kuma, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a 2023. Ke nan wanda ya sayi littafi a irin wannan kanti izinin karantawa kawai ya saya, Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Magana Jari Ce ɗin da uba ya saya shekaru arba'in da suka wuce yana nan a akwati, ko da bangonsa ya yage, kuma jika zai karanta ba tare da neman izinin kowa ba.

Da malamin ya gama lissafi, sai ya sayi waya mai ƙarfin batir da ɗan faifan sola. Ragowar kuɗin ya ware domin littattafan takarda, yana sayen duk wanda ya karanta a waya ya ga ya dace 'ya'yansa su gada, in dai an buga shi. Ba a ce zaɓinsa ya dace da kowa ba. Ɗalibin da yawancin karatunsa na Turanci ne zai fi morar Kindle. Amma tambayoyin da ya yi wa kansa su ne suka kamaci duk mai niyyar saye a karkara: ina zai sami wuta, ina littattafan harshensa suke, kuma wa ke riƙe da littafin bayan an biya kuɗi?