Lambun Tsakar Gida a Lokacin Bazara

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, akwai lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su toho, kowa ya fito gyaran lambunsa. Abin da ya faɗo mana a daidai wannan lokaci, mu mutanen Zariya, shi ne bazara, wato daga watan Maris zuwa farkon Mayu, sa'ad da hunturu ya kau, rana ta buɗe, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa kuma suka ƙara wa jarka kuɗi. Mutane da yawa kan ɗauka cewa wannan ba lokacin shuka ba ne, sai a jira damina. Ni kuwa abin da shekaru suka nuna mini shi ne, a bazara ake yin lambun gida, damina zuwa take yi ta tarar da aikin.

Ina zaune a Kwangila, ba nisa da gadar sama inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru da Funtuwa. Gidan haya ne, tsakar gidan kuwa an malale shi da siminti, ban da wani ɗan lungu a gindin katanga. A nan nake samun ganyen miya kusan kullum, kuma ba na tuna ranar da na sayi wani abu dominsa wanda ya wuce ƙullin iri.

Dalilin da ya sa na damu da wannan lokaci a fili yake ga duk mai yin cefane. Tumatirin rani da ake nomawa a fadamun Galma da irin su Kadawa ta Jihar Kano yana son sanyin hunturu. Da zarar zafi ya tsananta sai furensa ya riƙa kakkaɓewa, kasuwa ta yi ƙaranci, farashi ya hau, kuma ba ya sauka sai damina ta yi nisa. A shekarar 2016 abin ya wuce haka, domin tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Mayu. Daga 2023 kuma, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya ya hau kan kowane kwando. Malamin makaranta mai jiran albashin ƙarshen wata shi ya fi kowa jin wannan a tukunyarsa.

To, amma kada mutum ya ce zai rama da shuka tumatir a watan Afrilu, don zafin da ya hana shi a fadama zai hana shi a gida. Abin da ke jure wa bazara shi ne alayyafo da rama da yakuwa da lalo da kuɓewa da zogale. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, in kuwa aka yanke shi aka bar gindin, sai ya sake tohowa. Zogale ko iri ba ya buƙata: reshe mai tsawon kamu ɗaya ko biyu za a roƙa wajen maƙwabci a kafa, in ya kai ƙirjin mutum a tsinke kansa domin ya yi rassa, kada ya miƙe sama ya fi ƙarfin hannun yara.

Babbar magana ita ce ruwa, kuma a nan ne tsimi yake. A ce gida yana da mutum shida, kowa yana alwala sau biyar. Alwala talatin ke nan a yini, in kowace ta ci kamar lita guda, an haura jarka, duk tana bin rariya. Ni baho na ajiye a wurin, da yamma a kwashe a kai wa shuka. Haka ruwan wankin shinkafa da na gero da na ɗaurayar kayan miya. Wanda ba na yarda da shi shi ne ruwan wanki mai garin sabulu da ruwan da ya ji gishiri ko mai, saboda suna taruwa a ƙasa su ƙone saiwa sannu a hankali. Ruwan kwata kuwa, irin wanda ke gangarawa Kubanni, ba abin zuba wa ganyen da za a yi kwaɗo da shi ba ne.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni, ita ce ta tulu. Tulun ƙasa, ko da wanda bakinsa ya ɓalle aka yar, in aka binne shi har wuya a tsakiyar fangali, aka cika shi da ruwa aka rufe, to zufar nan da yake yi wadda ke sanyaya mana ruwan sha ita ce za ta riƙa tsattsafowa cikin ƙasa daidai inda saiwa take. Rana ba ta samun abin sha, shuka kuma ba ta ƙishi. Nakan cika nawa bayan kwana biyu ko uku. Sai a haɗa da rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, a kuma yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Mai rufi ya lura da gara, domin ita ma tana son inuwa da laima.

Wanda ba shi da ƙasa, buhu ya ishe shi. Tsohon buhun shinkafa ko na masara, a huda gindinsa, a cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, zai ɗauki kuɓewa biyu ko attaruhu ɗaya. Fasasshen bokiti ma haka. Ranar da mai gida ya ce a tashi, ko aka yi wa malami canjin wurin aiki, sai ya ɗora lambunsa a mota tare da katifa.

Batun taki yana son haƙuri. Kashin kaji da na awaki kyauta ne a yawancin gidajenmu, sai dai ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone shuka. A haƙa rami tun a Maris, a zuba shi tare da ɓawon kayan miya da sharar ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa, bayan mako shida zuwa takwas zai yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa. Tokar murhu ma tana da amfani, amma tafi guda ya ishi buhu, kuma ba a cuɗa ta da kashin kaji, don tana korar sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, ya bi iska. Takin bola da ake kwasa a kai gonaki, ni ba na kawo shi gida sai an tankaɗe, saboda leda da fasassun kwalabe da matattun batura da ke cikinsa.

Ƙwari kuwa, darbejiya na nan a kowane layi. A daka 'ya'yanta ko ganyenta, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma, yana rage darɓa da ƙananan tsutsotsi. Maganin kaji da akuyar maƙwabta shi ne tsohon gidan sauro, wanda kuma ke rage wa ƙananan dashe zafin rana.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, tafiyar 'yan mintoci ce daga Kwangila zuwa Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, cibiyar da ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da wake da gyaɗa masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, waɗanda ake nomawa a faɗin Arewa, daga can suka samo harufan farkon sunansu. Duk da haka, sai ka sami yaro a firamare a garin nan yana haddace sassan shuka daga zanen allo, bai taɓa ganin ƙwayar kuɓewa ta tsaga ƙasa ba. Ɗalibin da ke shirin zama malami ya sani cewa buhu goma a bayan aji, kowane rukuni na yara da nasa, sun isa a koyar da awo da ƙidaya da rubuta rahoto da sunayen tsirrai na Hausa, waɗanda yaran birni suka fara mantawa. Iyaka dai a tanadi wanda zai yi ban ruwa lokacin hutu.

Saura maganar lokaci. Ruwan farko da kan sauka a Zariya a ƙarshen Afrilu mayaudari ne, yakan zo da iska da ƙura, sa'annan ya ɗauke har mako biyu. Saboda haka attaruhu da tattasai nakan yafa irinsu a inuwa tun tsakiyar Afrilu, in yi renon su mako biyar zuwa shida, ba na dasa su sai na tona ƙasa na ga laima ta kai tsawon hannu. Irin kuwa daga na bara nake cirewa: kuɓewar da ta fi kyau ita ake bari ta bushe a jikin uwarta, a ɓare, a gauraya da toka, a zuba a kwalba a toshe. Wannan yana yi da irinmu na gida da tumatirin da manoma ke kira UTC, amma irin kamfani mai aure, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa ba sa gado shi, sai an sake saye kowace shekara.