Kacau-kacau a Tucson, kububuwa a Kaltungo

Dala 153,000 da ɗoriya. Kuɗin da wani asibiti a San Diego ya lissafa wa wani mutum ke nan a 2015, bayan maciji mai kacau-kacau ya sare shi, kuma fiye da rabi na magani ne. Wani ɗan Gombe da ke karatu a Tucson, jihar Arizona, ya ji labarin a bakin abokin tafiyarsa suna hawan Sabino Canyon da sassafe. Sai da ya ga hoton takardar a waya ya yarda. Tun daga ranar, in ya shiga hamada, idonsa a ƙasa yake.

Arizona na da irin wannan maciji kala 13, masu yawon duwatsu kuwa daga wutsiya suke fara karanta shi. Wanda aka fi cin karo da shi yana da zanen lu'ulu'u a gadon baya, da zobba baƙi da fari kusan kai ɗaya dab da kacau-kacau ɗin. Idan farin ya fi baƙin faɗi, jikin kuma ya ɗan yi kore, to ɗan Mohabe ne, wanda dafinsa kan taɓa jijiya har numfashi ya gagara. Akwai wani ƙarami mai ƙaho biyu a saman ido, a karkace yake tafiya kan yashi. Akwai kuma wani marar dafi da ke kaɗa wutsiya cikin busasshen ganye yana kwaikwayon ƙarar, amma tsinin wutsiyar ke tona shi. Kada a dogara da kunne kawai: ɗan jariri maɓalli ɗaya gare shi, ba ya ƙara, babba ma yakan sara bai yi gargaɗi ba.

Can gida Gombe, kububuwa ma tana gargaɗi, in ta goga ɓawon jikinta, sai dai manomi mai duƙe da lauje a Billiri ba kullum yake ji ba.

Abin da ya ba ɗan Gomben sha'awa, har da ɗan ƙyashi, shi ne lissafin rai: mutum 7,000 zuwa 8,000 macizai masu dafi ke sara a Amurka duk shekara, amma wajen biyar ke mutuwa. Ƙa'idarsu gajera ce. A ja baya, a ba maciji hanya. In an yi sara, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a kira 911. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba ƙanƙara. Ba a kuma kashe macijin a kai wa likita, kamar yadda ake isa asibitin Kaltungo da shi a leda, domin magani ɗaya ya game dukan masu kacau-kacau.

Duk da haka, in ya tuna Kaltungo sai ya ji kansa ya ɗaukaka. Ma'aikatan asibitin nan sun ga saran kububuwa iya gani, kuma maganin EchiTAB-Plus da ake haɗawa a Kosta Rika da dafin macizan Najeriya aka tsara shi: kububuwa, kasa da gamsheƙa. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yankewar maganin lokacin noma da girbi.

A Tucson maganin saran mai kacau-kacau yana nan jibge, kuɗinsa ne ke tsinka zuciya. CroFab kwalba huɗu zuwa shida ake farawa da shi, kowace kan ci dubban daloli. Daren da ɗan Gomben ya ji haka, sai da ya ɗauko takardar inshorarsa ya bi ta layi-layi, washegari ya sayo takalmi mai rufe idon sawu.