Yadda muka koyi kauce wa cunkoso a Alƙahira

Mu biyar ne, duk ɗalibai 'yan Najeriya da ke karatu a Alƙahira, babban birnin Masar. A hutunmu na farko muka ce bari mu zaga wuraren tarihin da muke jin labarinsu tun muna sakandare. Ba tare da wani tsari ba, muka nufi Masallacin Husaini ranar Juma'a bayan La'asar.

Ashe mun zaɓi lokaci mafi muni. Juma'a ranar hutu ce a Masar, kuma masallacin yana jikin kasuwar Khan Khalili. Masu ziyara, 'yan kasuwa da 'yan yawon buɗe ido duk sun haɗu, ko masaka tsinke babu. A cikin turmutsutsun nan ƙaramin cikinmu, wanda bai fi wata biyu da zuwa ƙasar ba, ya ɓace mana, ga wayarsa ba caji. Sai da muka yi kusan awa guda muna nema kafin muka tarar da shi a bakin wani shago, idanunsa sun yi ja. Muka koma masauki ba mu ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Daga nan muka gane cewa cunkoso ma yana da jadawalinsa, kamar darasin aji. Wanda ya san jadawalin, shi ke more ziyara.

Ranar Talata muka yi sammako zuwa Masallacin Azhar, wanda Fatimiyawa suka fara ginawa a shekarar 970. Da hantsi, kafin motocin baƙi su iso, farfajiyarsa ta farin marmara kusan fayau take. Muka tsaya a natse muna kallon hasumiyar Sultan Ghuri mai kai biyu. A nan wani babban yayanmu a karatu ya ba mu labarin cewa a zamanin da har ɓangare na musamman aka ware wa ɗaliban Borno a wannan masallaci. A cikin hayaniya, ina za mu ji wannan?

Kashegari muka kasance a ƙofar Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci da ke Babul Khalƙ tun kafin a buɗe. An buɗe wannan gini a 1903. Katin shaidar ɗalibi ya sa aka rage mana kuɗin tikiti. Dabarar da muka yi ita ce, da muka ga ayarin baƙi ya tsaya a ɗakin farko, sai muka wuce can ciki, muka riƙa dawowa baya. Haka muka kalli fitilun gilashi na zamanin Mamluk, da tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, da wani mabuɗin Ka'aba, ba mai ture mu.

Wani abin kuma, ba kowane wuri mai daraja ne jama'a ke rububinsa ba. Masallacin Ibn Tulun, wanda aka kammala a 879, ya girmi Azhar, amma mun same shi shiru, har muka hau hasumiyarsa mai matakala a zagaye ta waje.

Sai dai akwai taron da ba a gudu. Masallaci ba gidan kallo ba ne. Idan an kira salla, sai a ajiye waya a shiga sahu, kallon gini ya jira.

Ƙannenmu, idan makarantarku za ta kai ku Gidan Makama a Kano ko Hubbaren Shehu a Sakkwato, ku roƙi malamanku a zaɓi tsakiyar mako, a kuma fita da wuri. Kafin ku shiga, ku tsayar da wuri guda da kowa zai koma idan an rabu. Mu sai da muka sha wuya muka koyi wannan.