Kwana Uku a Ƙasar Kura: Ruwa a Gona, Ruwa a Inji

A watan Fabrairun da ya wuce muka sami ɗan hutun tsakiyar zango a makaranta. Ina shirin gyaran takardun yara ke nan, sai ga saƙo daga ƙanena, wanda ke noman rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ya ce, "Yaya, motar ta kwanta, tumatir kuwa ya nuna. Ka zo ko da riƙon fitila ne." To, ni malamin lissafi ne, ban taɓa zama bakanike ba, amma ɗan'uwa rabin jiki. Ran Alhamis da sassafe na kama hanya.

Daga Kano zuwa Kura kilomita 30 ne da 'yan kai, a kan hanyar Zariya. Lokacin kuwa tsakiyar rani ne, ciyawa ta bushe, hazo ya rufe sama. Amma da muka kusa Kura sai ƙasa ta sāke kama. Ko'ina ka duba kore shar: ga alkama, ga albasa, ga masara, ga tumatir ja wur cikin kwanduna a bakin hanya. Tun dā an san Kura da rini. Baƙaƙen rawunanta masu ƙyalli har cikin hamada Buzaye suke nema. Yau kuwa in an ambaci Kura, shinkafa da tumatir ne ke fara zuwa bakin mutane.

Asalin wannan albarka shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa cikin babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya kai gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke lura da aikin. Na tsaya na ga wani yaro yana ban ruwa. Ya buɗe wa fangali ɗaya, da ya ƙoshi sai ya toshe da laka, ya buɗe wa na gaba. A ƙasar nan yaro ƙarami ma ya san ruwa bawa ne muddin yana bin hanyarsa. In ya fasa ta, ya zama ɓarna.

Na iske motar a ƙofar gida, gindin darbejiya. Tsohuwar ƙaramar bas ce, Toyota Hiace, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. An cire kujerun baya domin kwanduna. Da ita yake kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan, inda manyan motoci ke lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Da ita kuma ake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa huɗu. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a ƙasar nan, shi ma ya sha asara, ya daɗe kafin ya farfaɗo. Saboda haka bana ba ya so ko kwando ɗaya ya ruɓe a gona.

Na ce, "Me ya same ta?" Ya ce lagireto ya daɗe yana yoyo, shi kuwa kullum sai ya tsaya bakin magudana ya ɗura masa ruwa. Ruwan nan da laka a ciki, sannu a hankali ya toshe lagireton. Ran nan inji ya yi zafi ƙwarai, sai ya kwarara masa ruwan sanyi nan take. Tun daga ranar farin hayaƙi ke fita ta salansa, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara.

Akwai wani dattijo a Bunkure mai gyaran injunan ban ruwa, shi ya zo ya duba. Ya ce, "Ɗana, gasket ya ƙone. Ka ga inji hawa biyu ne. Na ƙasa shi ke riƙe da fistan, na sama shi ne kan inji, wanda muke kira tof silinda. Tsakaninsu akwai hanyar ruwa, da ta mai, da ɗakin wuta. Gasket shi ne kunyar da ta raba su, kamar yadda kunya ta raba fangalinka da na maƙwabcinka." Ƙanena ya ce, "Baba, yanzu na gane." Dattijon yana da aikin mutane jingim, don haka ya ara mana sifana mai awon ƙarfi, ya kuma zana mana jerin ɗaurin kusoshi a bayan kwali.

Muka fara da cire kan batir, muka tsiyaye ruwa da mai. Kowace waya muka cire, sai in ɗaura mata 'yar takarda in rubuta inda ta fito. Nan malanta ta yi rana. Notuna kuwa matar ƙanena ta ara mana kwanonin miya, kowane rukuni da nasa kwano. Muka sa wa sarƙar tayimin alama da fenti, gama in ta goce ko da haƙori ɗaya ne inji ba zai yi daidai ba. Manyan kusoshi 10 ne ke riƙe da kan injin. Muka sassauta su kaɗan kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Da muka ɗaga shi, sai ga gasket ya cinye tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Abin bai tsaya nan ba. Muka aza rula ta ƙarfe a kansa, haske yana wucewa ta ƙasa, ga kuma tsaga siririya tsakanin bawul biyu. Ashe ruwan sanyin nan ya lanƙwasa shi, gama alminiyam ne, ba ya jure irin wannan.

Ran Jumma'a muka rufe injin da zane saboda ƙura, muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da tsohon kan a buhu don kwatance. Muka sami na hannu. Kafin mu biya muka aza masa rula, muka kuma zuba fetur a ramukan bawul, bai zurara ba. Gasket kuwa sabo muka saya, aka wanke mana lagireto aka like shi.

Ran Asabar muka kankare fuskar injin tas, muka share ramukan kusoshi, muka shimfiɗa gasket, muka aza kan. Nan ne muka kusa ɓatawa. Rana ta yi, dillali yana ta kira, ƙanena ya kama kusa ta gefe zai ɗaure ta tamau gaba ɗaya. Na riƙe hannunsa na ce, "Ƙane, dubi kwalin Baba. Daga tsakiya ake farawa, a fita gefe, zagaye uku, kowane zagaye a ƙara kaɗan." Ya ce, "Yaya, tumatir ba ya jira." Na ce, "Gaggawar da ta kwantar da motar ke nan. Sauri ya haifi nawa." Ya yi shiru, sa'an nan ya miƙo mini kwalin ya ce in riƙa kiran lamba, shi yana ɗaurewa.

Da la'asar muka zuba sabon mai, da ruwa mai tsabta haɗe da maganin hana tsatsa. Ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta tashi. Yara suka ɗauki sowa. Muka bar ta ta yi ɗumi muna duban lagireto, babu kumfa, hayaƙi kuma ya washe. Kwando 6 ne suka lalace a kwanakin nan, sauran duka sun kai kasuwa.

Da zan koma, ya rage mini hanya a cikinta har Kura. Muna bin gefen magudana, ruwa yana tafiya a natse. Na leƙa bayan kujera, sai na ga jarka cike da ruwan famfo. Ya lura na gani, ya yi dariya ya ce, "Yaya, na magudana na gona ne." Ku masu motoci da injunan ban ruwa, in allurar zafi ta hau, ku tsaya ku kashe inji, ku bar shi ya huce tukuna.